Ɗangiwa da Cigiyar Leda

Ranar da aka haife shi, ubansa ya kamo giwan ruwa wanda sai da ƙarti biyu suka kinkima, shi ya sa aka kira shi Ɗangiwa. Sunan yanka kuwa, Haliru, ya ɓace tun yana goye, Liman kaɗai ke tunawa da shi. To, sunan Ɗangiwa dai ya yi masa yawa. Mutum ne ɗan firit, ƙafafu kamar sillen kara, in ya tsaya bakin gulbi iska ta taso sai ka ji kana son ka riƙe masa riga. Amma bari ya hau jirgi ya kama filafilin tuƙi, nan za ka san ba a banza aka haife shi a Tungar Ɗan'iya ba, 'yar tungar masunta da ke ƙasa da Fakku kaɗan.

Jirgin nan shi ne duk abin da ya mallaka a duniya. Kwale-kwale ne sassaƙen icen maɗaci guda, gadon ubansa, ya girmi matarsa Jannatu, kuma Jannatu ta sha faɗa wa maƙwabta cewa ya fi ta gata nesa ba kusa ba. Ba shi da gona sai ɗan fegin da ko akuya ba za ta ƙoshi a ciki ba. Da jirgin yake fito: ya ƙetarar da masu zuwa kasuwa, da Fulani da ƙorensu na nono, da amare da kayan ɗakinsu, har da gawa in ta kama. Shekara talatin yana wannan, bai taɓa kifar da ko kaza ba.

Sai aka yi gada sama da tungar. 'Yan kabu-kabu suka cinye masa sana'a cikin wata ɗaya. Mutanen da ya yi shekaru yana ƙetarwa suka koma ɗaga masa hannu daga bayan babur, wasu ma ko hannun babu.

Ya koma su, wato kamun kifi, sana'ar kakanni. Ya jefa birgi, ragarsa ta kamun kifi, ya jawo, ya ji nauyi, ya fara murna. Da ya ɗago, leda ce. Ya sake jefawa, leda da silifas. Na uku ya zo da famfas ɗin jarirai, cike, har da kayan ciki. Ɗangiwa ya zauna cikin jirgi ya dubi ruwan da ubansa ke sha da tafin hannu ba tare da tacewa ba, baƙin ciki ya kama shi. Gaskiya ce ba ta da daɗin faɗi: mutanen bakin ruwa sun fi kowa raina ruwa. Mace ta share gida tas, ta kwashe, ta tako har bakin gulbi ta juye, ta koma tana yabon kanta da tsabta. Namiji ya shanye fiya wata, ya hura ledar, ya fasa ta da tafi don ya ba yara tsoro, ya wurga. In ka yi magana a ce ai ruwa na tafiya da shi. Tafiya ina? Oho, can dai.

Washegari ya shiga jirgi da buhunan taki wofi guda uku maimakon birgi. Ya ɗaura ƙugiya a kan gora, ya bi gaɓa yana tsamo leda daga cikin ciyawa, daga saiwoyin itace, daga mashayar da shanun Fulani ke sauka. Kafin azahar buhunan sun cika. Ya kai su bayan gidansa ya jibge.

Jannatu ta fito ta riƙe ƙugu. "Malam, wanga fa? Miya za mu yi da shi ko tuwo?"

"Aje shi nika yi."

"Har yaushe?"

Shi ma bai sani ba. Haka ya yi ta yi har damina ta wuce, tsibi na girma, mutanen tunga na kiransa Sarkin Bola. Da abin ya tsaya nan, da ba wanda zai tuna da shi yau. Abin da ya ɓata lamarin karatu ne.

Wata la'asar, bayan salla, Liman Abdulganiyyu na karantar da dattawa a ƙofar masallaci, aka zo babin tsintuwa. Liman ya ce duk wanda ya tsinci abin wani, bai halatta ya ci ba, bai halatta ya ɓoye ba. Sai ya yi cigiya shekara guda cur, a kasuwa da wurin taron jama'a. In kuwa ya san mai shi, to ba sai an yi cigiya ba, ya ɗauka ya kai masa har gida. Ɗangiwa, wanda ya saba gyangyaɗi a wajen karatu, ya miƙe zaune.

"Allah shi gafarta Malam, in cikin ruwa anka tsinta fa?"

"Ruwa ko tudu, duk ɗaya na."

"Ko abin ba shi da kyawon gani?"

"Haliru, kai ka san darajar abu ga mai shi? Naka dai cigiya."

Liman ya ɗauka zobe mutumin ya tsinta, ko wayar hannu. Allah sarki Liman.

Ranar kasuwa, Ɗangiwa ya shimfiɗa tabarma tsakanin masu gishiri da masu tsire, ya zazzage buhu biyu, ya jera kaya iri-iri kamar ɗan koli. Ya sa hannu a kunne, ya buɗe murya. Wa ya san ƙaramin ƙirji irin nasa na ɗauke da wannan amo?

"Jama'a, cigiya! Cigiya don Allah don Annabi! Wa ad da silifas ƙafar hagu, shuɗi, an ɗinke shi da waya? Wa ad da gidan sauro na asibiti, ko buɗe shi ba a yi ba? Wa ad da fastar ɗan takara, fuska ta jiƙe amma murmushi na nan?"

Kasuwa ta ɗauki dariya. Masu tsire suka bar tukuba, mata suka sauke tallan kai. Aka ce Sarkin Bola ya ƙarasa zarewa. Abin da suka manta shi ne, mutumin nan ya san gulbin kamar tafin hannunsa. In ya tsamo abu a gindin wata giyayya, ya san daga wane lungu ruwa ya kwaso shi, ya san kuma gidajen da ke lungun.

"Kwalaben maganin ƙarfin maza, goma sha fuɗu! An tsince su ƙasa ga mashigin da dattawa ka wanka da safe. Mai su shi zo shi faɗi alama shi amsa!"

Matasa suka faɗi ƙasa suna riƙe ciki. Dattawa uku da ke cinikin goro suka tuna a lokaci guda cewa suna da uzuri a gida.

"Famfas, rabin buhu, daga lungun marina! Uwar ɗiya ta zo, ba a taɓa komi ba, yadda ta aje haka shike!"

Haka aka yi kasuwa uku. Kowa na dariya har sai an zo kan lungunsu, sannan ya gane cewa abin rashin mutunci ne. Ba wanda ya taɓa zuwa karɓar ko tsinke. Maigari ya aiko Mu'awiyya, ɗan aikensa, wani dogon mutum mai furfura a gemu wanda ya yi firamare kuma bai bari kowa ya manta ba, ya gaya wa Ɗangiwa ya yi hattara: ruwan nan da iznin maigari ake sa masa jirgi, kuma wanda ya ba da izni yana iya janyewa. Ɗangiwa ya ji tsoro har cikin ransa, don in aka raba shi da jirgin an gama da shi. Amma ya ce shi umarnin littafi yake bi.

Mu'awiyya ya isar da saƙo nan cikin kasuwa, sai kuma bakinsa ya ƙi yin shiru. Ya duƙa ya ɗauki ledar fiya wata ɗaya daga tabarmar, ya miƙe ta, ya karanta da ƙarfi don a san ya iya: "Ruwan Albarka, Alhaji Ɗanmaliki da Ɗiyansa, Tambuwal." Ya ƙyalƙyale. "Kai Ɗangiwa, wagga ai ba ta son cigiya. Ga sunan mai ita, har da lambar waya!"

Aka yi dariya aka watse. Ɗangiwa bai yi dariya ba. Ya karɓi ledar ya jujjuya ta, ya dubi zanen rijiya da dabino da ke jikinta. Cikin kowace leda goma da yake tsamowa, bakwai masu wannan zanen ne.

Alhaji Ɗanmaliki ɗan tungar ne. Da ƙafarsa ya tafi Tambuwal da 'yar jaka, ya dawo da mota mai baƙin gilashi. Injin ɗura ruwansa na can, amma motarsa na sauke ruwan a kowace kasuwa daga Sanyinna har Kebbe. Ya gina gida mai fenti ruwan ƙwai a tungar, wanda ba ya kwana ciki sai da salla. Shi ya sa wa masallaci fanka da sola, don haka in ya yi tari a sahun gaba, har sahun baya ake ce masa sannu.

Sati biyu Ɗangiwa ya yi bayan gida yana tsince masu zanen rijiya daga tsibin. Ya wanke su, don bai kamata a mayar wa mutum kayansa da laka ba. Ya shanya, ya danna cikin buhu, ya ɗinke baki da kyau. Buhu goma sha ɗaya. Jannatu ta yi magiya, ta yi faɗa, ta yi kuka, ta ce in ya kai kayan nan ita gidansu za ta tafi. Ya ce ta gaida su.

Aka yi sa'a, ko rashinta, Alhaji ya dawo daga Umra ya shirya walima a gidan mai fenti. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, baƙi sun zo daga Tambuwal da manyan riguna, ana ta rabon dabino da zamzam. Sai ga amalanken shanu ya kunno kai, Ɗangiwa a gaba cikin rigarsa ta Jumma'a. Alhaji ya hango buhuna ya ɗauka shinkafa ce wani ya aiko gudummawa, har ya ce a buɗe hanya.

Ɗangiwa ya durƙusa ya yi gaisuwa yadda ta kamata, ya yi barka da sauka, ya tambayi mutanen Makka. Sannan ya ce, "Alhaji, kayanka na tsinta cikin gulbi. Da sunanka gare su. Ga su, ban rage ko ɗaya ba. Kuma don Allah kada a ba ni tukuici, don lada niy yi."

Ya farke bakin buhu ɗaya don a shaida. Leda da aka danne ba ta da haƙuri. Ta yi tsalle ta watsu, iska ta kwashe ta ta bi rumfa, ta sauka kan hulunan baƙi da cikin farantan shinkafa. Ɗaya ta manne a gaban rigar Alhaji, sunansa a waje, kamar an liƙa masa lamba. Wani baƙo ya yi ƙoƙarin mayar da dariyarsa tari, ya sarƙe, sai da aka ba shi ruwa. Ruwan Albarka.

Kwana biyu bayan haka aka taru a zauren maigari. Alhaji bai zauna ba, tsaye ya yi magana. Ya ce shi ruwa yake sayarwa, ba shi ya ce a jefa leda gulbi ba, kuma a nan, in za a yi adalci, bai yi ƙarya ba. Ya ce an wulaƙanta shi gaban baƙi. Abu ɗaya yake nema: a karɓe jirgin wannan mahaukaci, a hana shi ruwa. Dattawan mashigin wanka suka ce wallahi haka ya dace, sun daɗe da ganin mutumin ba shi da tarbiyya.

Ɗangiwa na tsugune a tsakiya, gumi na bin bayansa. Ya ce shi dai abin da Malam ya karantar ya bi, ga Malam nan a tambaye shi.

Duk idanu suka koma kan Liman. Liman ya dubi Ɗangiwa, ya dubi Alhaji, ya ɗaga kai sama, wataƙila yana tuna yadda masallaci yake a watan zafi kafin a sa fanka. Ya gyara murya. Ya ce a bambanta abu biyu. Akwai abin da ya ɓace wa mai shi yana nema, wannan shi ne tsintuwa. Akwai kuma abin da mai shi ya yar da gangan, ya cire rai da shi. Wannan ba a cigiyarsa, ba a mayar da shi. Duk wanda ya sa hannu ya ɗauka, ya zama nasa, halal.

"Ke nan, Malam," in ji maigari, "ledar ga ta wa ta?"

"Ta Haliru ta."

"Duka?"

"Duk abin da ya tsamo, nashi na. Ba mai jayayya da shi."

Zaure ya yi ajiyar zuciya. Hukunci ne da ya yi wa kowa daɗi: Liman bai yi ƙarya ba, Alhaji ya fita, dattawa sun fita, lungun marina ya fita. Maigari ya ce tunda kuskuren fahimta ne, a bar wa Ɗangiwa jirginsa, amma daga yau ba cigiya, ba kai wa kowa kaya. Kuma ya je yanzu ya kwashe dukiyarsa daga ƙofar gidan Alhaji. Ɗangiwa ya faɗi ya yi godiya, har da hawaye, don shi jirgin kawai yake ji. Bai fahimci abin da aka ɗora masa ba sai da ya koma ruwa.

Labarin ya riga shi isa gaɓa. Yana tuƙi sai wata mata ta fito da kwandon shara a ka, ta hango shi, ta washe baki. "Baba Ɗangiwa, ga naka!" Ta juye. Da can sai ta waiwaya hagu da dama kafin ta zubar, yanzu kuwa da sallama. 'Yan kabu-kabu in sun hau gada sai su rage gudu, su wurgo leda su ce a ƙara jari. Wani mai shago ya daina ƙona shararsa, ya ce zalunci ne ya ƙone wa bawan Allah dukiya. Wallahi har akwai wata tsohuwa da ta juye nata ta ce Allah ya kai ladan kabarin mijinta. Buhu uku da yake cikawa kafin azahar suka zama shida, gulbin kuma ya fi da ƙazanta.

Ranar da abin ya ishe shi, ya dawo da hantsi, bai tsamo komai ba. Ya jawo jirgin shi kaɗai, yana nishi, har kan tudu. Ya kife shi a kan rairayi. Jannatu, wadda ta je gidansu ta kwana biyu ta dawo don ba wanda ya je biko, ta ce, "Malam, rana fa. Bazara ta." Ya san da haka. Ko yaron masunta ya san jirgin ice ba ya son rabuwa da ruwa. Amma zuciya ta ci shi, ya ce su sha ledarsu, ya shiga ɗaki ya juya wa ƙofa baya.

Ya yi sati uku bai leƙa gulbi ba. Ruwa ya ja baya kamar yadda yake yi kowace bazara, abin da ke cikinsa ya fito fili. Leda ta taru a mashaya ta yi kauri har kaji na tafiya a kai. Fulani suka zo da shanu suka rasa inda za su sa baki, wata karsana ta haɗiyi abin da ta haɗiya ta kumbura ta mutu, Ardo ya kai kuka gidan maigari. Mata suka fara cewa ruwan wanki na wari. Aka zauna aka duba, aka gano mai laifi ba tare da wata wahala ba.

Mu'awiyya ya yi sallama a ƙofar gida da rana tsaka. Ɗangiwa ya fito ba riga.

"Maigari ya ce in gaishe ka. Ya ce kayanka sun toshe mashaya, har sun kashe saniyar mutane. Ya ce mutum ba ya barin dukiyarshi tana cutar jama'a. In ba ka kwashe ba kafin Jumma'a, za a amshe jirgin a ba wanda zai iya."

Ɗangiwa ya buɗe baki zai ce abin da bai tsamo ba ai bai zama nasa ba tukuna, haka Liman ya faɗa gaban kowa. Sai ya ga ba amfani. Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, ya wuce gaba, Mu'awiyya na biye, har tudun da jirgin yake.

Tun daga nesa ya gani. Ya ƙarasa a hankali, ya durƙusa. Icen ya tsage daga hanci har tsakiyar ciki, tsaga mai faɗin da hannunsa ya shige har wuyan hannu, ya taɓo rairayi mai zafi ta ƙasa. Ba irin wadda ake toshewa da tsumma da kwalta ba ce. Jirgin da ya ɗauki ubansa, ya ɗauki rabin tungar nan zuwa ɗaurin aure da jana'iza, ya mutu a tudu, kuma ba Alhaji ya kashe shi ba, ba maigari ba. Ɗangiwa ya kifa goshi a kan icen ya yi kuka sosai, irin na manya, wanda ba sauti sai kafaɗu. Mu'awiyya, mai bakin da ba ya shiru, ya cire hula ya mayar.

Da ya gama, ya share fuska da tafin hannu. Ya koma gida ya fito da buhun taki ɗaya da gorar nan mai ƙugiya. Ya naɗe wando har cinya, ya gangara mashaya, ya ratsa ta tsakanin shanun da ke tsaye suna kallon ruwan da ba za su iya sha ba. Ya shiga. Leda ta rufe masa gwiwa, ta rufe masa ƙugu.

Mu'awiyya ya ɗaga murya daga gaɓa. "To, mi zan ce ma maigari?"

Ɗangiwa bai waiwayo ba. Ya tsamo ta farko ya jefa a buhu.

"Ka ce mai kaya ya zo."